Lambar Mota Ta Tono Asali: Yadda Wata Mata a Ingila Ta Gano Kakanta Direba

Mafarin lamarin, ƙarshen 2018

Matar tana da shekara 60 lokacin da mahaifiyarta ta rasu. A arewa maso yammacin Ingila suke zaune, kuma ita ce ta ɗauki nauyin kwashe kayan ɗakin marigayiyar. Can ƙasan durowa, ƙarƙashin tsofaffin zannuwan gado, ta ci karo da wata 'yar akwatin ƙarfe. Abu uku ne a ciki: bajon ƙungiyar ƙwadago na tagulla, takardar haihuwar mahaifiyar ta 1936, da hoto ɗaya baƙi da fari wanda gefensa ya fara cinyewa.

A hoton wani mutum ne da hular hana-salla, ya jingina da ƙofar babbar mota, an lulluɓe lodin da tampol an ɗaure tamau da igiya. Kafaɗarsa ta kare sunan da ke jikin ƙofar, abin da ake iya karantawa kawai shi ne ƙarshen rubutun, wanda ke nufin "da 'ya'yansa". Lambar motar ta fito a ƙasa, sai dai laka ta rufe harafin farko.

Wannan mutumin kakanta ne na wajen uwa, kuma ba ta taɓa ganinsa ba. Maganar da ta tashi tana ji a gida ba ta wuce biyu ba. Ta farko, wai yana da manyan motoci gwamnati ta ƙwace. Ta biyu, wai ya bar gida a 1951, lokacin mahaifiyarta tana da shekara 15, bai sake waiwayowa ba. Duk sanda aka ambace shi sai mahaifiyar ta tashi ta kama wani aiki. Tambayoyi uku matar ta sa a gaba: shi wane ne, da gaske ya mallaki motoci, kuma ina ya ƙare rayuwarsa. Abin da ya ƙara nauyin aikin shi ne sunansa na yanka da na danginsa duk irin waɗanda ke cika shafukan littafin tarho ne.

Gibin da ta tarar tun kafin ta fara

Masu bin salsala a Ingila sun fi dogara da takardun ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara goma, ake kuma rufe bayananta sai ta cika shekara 100. A nan aka sami tangarɗa. Takardun ƙidayar 1931 na Ingila da Wales sun ƙone ƙurmus a wata gobara a Hayes cikin Disamba 1942. A 1941 ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. Ta 1951 tana rufe har yanzu. Ta 1921 kuwa, a lokacin da matar ta fara bincike, ba a buɗe ta ba tukuna. Ke nan shekarun da mutumin ya yi yana riƙe da sitiyari su ne daidai shekarun da babu ƙidaya a hannu.

Abin da ya rage shi ne rajistar da aka ɗauka ranar 29 ga Satumba 1939 domin katin shaida da rabon abinci na lokacin yaƙi. Ita wannan tana rubuta mutum ne a inda ya kwana a daren, ba a inda iyalinsa suke ba. Ga mai aikin masaƙa ko ma'aikacin banki wannan ba wani abu ba ne. Ga direban dogon zango kuwa, wanda rabin makonsa a masauki yake yi, babban abu ne.

Yunƙuri na farko, Janairu zuwa Satumba 2019: bin suna

Ta yi rajista da wani shafin binciken zuri'a a intanet, ta fara daga takardar haihuwar mahaifiyarta. A gurbin sana'ar uba an rubuta direban babbar mota. Ta duba adireshin gidan a rajistar 1939, ta ga kakarta, ta ga layi ɗaya da aka rufe da baƙi, wanda ta gane na mahaifiyarta ne tunda ana ɓoye sunan wanda bai kai shekara 100 da haihuwa ba, sai an tabbatar da rasuwarsa. Mijin ba ya nan.

Sai ta buga sunansa a faɗin ƙasa. Mutane da dama suka fito, da yawa daga cikinsu direbobi. Ta zaɓi wanda shekarar haihuwarsa ta zo kusa da lissafinta, mazaunin wani gari mai nisan mil 30 daga gidansu. Daga nan ta hau gini. Ta samo iyayensa da kakanninsa har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, ta sayi takardun shaida guda shida, ta buga bishiyar zuri'a ta rarraba wa 'yan uwa. A watan tara takardar aurensa ta iso. Sunan matar da ke ciki ba na kakarta ba ne, kuma mutumin ya mutu a 1944, shekara bakwai kafin kakanta ya bar gida. Aikin wata takwas ya tashi a banza, har da kunyar komawa wurin dangi ta ce su yaga abin da ta ba su.

Yunƙuri na biyu, Oktoba 2019 zuwa Maris 2020: wasiƙu ga ofisoshi

Ta sauya dabara. Tunda direba ne, ai yana da lasin. Tunda an ce yana da motoci, ai yana da kamfani.

Neman lasin bai je ko'ina ba. A zamaninsa majalisun gundumomi da na manyan garuruwa ne ke bayar da lasin tuƙi, kowacce da nata littafin. Sai a shekarun 1970 aka tattara aikin wuri ɗaya a Swansea, kuma tsofaffin takardun da yawa ba su tsira ba. Neman kamfani ma haka. Ta bincika sunan danginsa a rajistar kamfanoni ba ta ga komai ba. Ƙananan masu jigila da yawa a wancan lokacin ba su yi rajistar kamfani ba, uba ne da 'ya'yansa ko wa da ƙane suke haɗa hannu, a rubuta suna a ƙofar mota shi ke nan. Ko waɗanda suka yi rajista suka rushe daga baya, wani kaso kawai na fayilolinsu aka ajiye a babbar ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew.

Bajon nan na ƙungiyar ma'aikatan sufuri ne, TGWU, wadda aka kafa a 1922 ƙarƙashin Ernest Bevin. Takardunta suna ma'ajiyar Jami'ar Warwick. Ta tuntuɓe su, aka yi mata bayani cikin mutunci cewa abin da ya fi yawa a wurinsu bayanan taruka ne da rahotanni, ba ta kuwa sami sunansa a ciki ba. Ana cikin haka annobar korona ta sa aka rufe ma'ajiyoyi a Maris 2020. Ta mayar da hoton cikin akwatinsa, ya yi sama da shekara ba ta taɓa shi ba.

Inda akalar ta juya, Agusta 2021

Ɗanta ne ya ja ta zuwa wani taron baje kolin tsofaffin manyan motoci, irin wanda masu sha'awa ke gyara motocin da suka yi ritaya su jera su a fili. Ta sa hoton a jaka ba tare da wani dogon fata ba. A can ta ga wani tsoho da ya haura 80 yana goge gaban wata mota da tsumma. Ta gaishe shi ta miƙa masa hoton.

"Baba, wannan kakana ne. Ko fuskar ta yi maka kama da wani da ka sani?"

Tsohon bai ko dubi fuskar ba. Ya ɗaga hoton kusa da idonsa, ya sa babban yatsa a kan lagireton motar.

"'Yata, mutumin ban san shi ba, amma motar na san ta. ERF ce, ta kafin yaƙi. A Sandbach aka ƙera ta, kuma na tabbata injin Gardner ne a cikinta. Ke mutum kike nema? Ai mu direbobi ba wanda ya damu ya rubuta mu. Mota ake rubutawa, don ita ce kuɗi. Bi motar."

Ya nuna mata yadda ake karanta lambar. Tun 1904 ake yi wa motoci rajista a Birtaniya, kuma a wancan lokacin kowace majalisa tana da haruffanta. Daga 1932, da lambobi suka fara ƙarewa, aka ƙara harafi ɗaya a gaba ya zama uku, amma biyun ƙarshe su ne ke faɗin inda aka yi rajistar. Ya ba ta misali da gundumar Lancashire, wadda TB, TC, TD, TE, TF da TJ duk nata ne. Harafin da laka ta rufe a hoton na farko ne, wato wanda ke nuna zubin lambobin. Biyun da ke faɗin wuri suna nan tangaran. Kuma tunda kamfanin ERF a 1933 ya fara ƙera mota, shekarun da za a duba ba su da yawa.

Kafin su rabu ya ƙara mata wani abu da a lokacin ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba. Ya ce direbobin dogon zango kashi biyu ne: mai tuƙin dare tsakanin gari da gari, da mai karɓar motar da safe ya sauke kaya ya yi sabon lodi yayin da na daren ke barci a masauki. Mai tuƙin dare, in ji shi, gida biyu gare shi, ɗaya a kowane ƙarshen hanya.

Oktoba zuwa Disamba 2021: littafin rajista da abin da ya biyo baya

Ta tuntuɓi Kithead Trust, wata ƙungiya da ke adana tsofaffin takardun sufuri da na rajistar motoci, domin ta san inda littattafan waɗannan haruffa suke. An yi sa'a, na gundumar sun tsira, suna ma'ajiyar gundumar. Ta je da kanta. Aka fito mata da manyan littattafai masu bangon fata guda huɗu, ɗaya ga kowane harafin da ake zato. A na uku ta ga lambobin, a gabansu an rubuta ERF, da shekarar 1937, da sunan mai ita.

Sunan ba na kakanta namiji ba ne. Sunan dangin kakarta mace ne, wanda take amsawa kafin ta yi aure. Matar ta ce ta daɗe zaune tana kallon layin, ma'aikaciyar wurin har ta zo ta tambaye ta ko lafiya. Shekara biyu tana neman kamfani da sunan da ba nasa ba.

Daga nan allura ta tono garma. Kundin adireshin 'yan kasuwa na Kelly, wanda ake bugawa gunduma-gunduma, ya nuna gidan a shekarun 1920 a matsayin masu dako da amalanken doki. A bugun tsakiyar shekarun 1930 sun koma masu jigila da mota, a farfajiya ɗaya, a titi ɗaya. Mai gidan shi ne mahaifin kakarta, 'ya'yan da ke jikin ƙofar motar kuwa yayyenta ne maza biyu.

Da sunan kamfani a hannu, wata ƙofa ta buɗe wadda da ba ta san da ita ba. Dokar 1933 ta wajabta wa duk mai ɗaukar kaya a hanya ya sami lasisin sana'a. A wancan lokacin mai lasisin A yana ɗaukar kayan kowa don a biya shi, mai B yana ɗaukar nasa da na wasu bisa sharuɗɗa, mai C kayansa kawai. Neman A ko B ba a ɓoye ake yi ba. Ana zama a bainar jama'a, kamfanonin jirgin ƙasa su turo lauyoyi su ƙalubalanci buƙatar, domin suna ganin mota na cinye musu kasuwa. Saboda haka mai mota biyu ko uku ma sai ya tsaya ya faɗi irin kayan da yake ɗauka da garuruwan da yake zuwa, 'yan jarida na rubutawa. Mujallar Commercial Motor, wadda ta fara fitowa a 1905 kuma tsofaffin fitowarta ke intanet, cike take da irin waɗannan rahotanni, kuma a cikinta matar ta koyi yadda tsarin yake. Nata gidan kuwa a wata jaridar mako ta garinsu ta same shi: motoci uku, lasisin A, suna kai kayan masaƙu arewa su dawo da abin da ya samu.

A wannan jaridar dai ta ga kakanta karo na farko a rubuce. Labarin kotun majistare ne na 1938, bai fi layi goma ba. A lokacin iyakar gudun manyan motocin kaya mil 20 ne a awa, kuma haka ta zauna har 1957. Dokar 1930 kuma ta hana direba wuce awa biyar da rabi a jere bisa sitiyari, ko awa 11 cikin 24. An kama shi yana mil 29, aka ci shi tarar fam 2. Labarin ya kawo shekarunsa, titin da yake zaune, da sunan ubangidansa. Titin shi ne na jikin takardar haihuwar mahaifiyarta. Ubangidan shi ne surukinsa.

Janairu zuwa Maris 2022: komawa baya

Ranar 6 ga Janairu 2022 aka buɗe ƙidayar 1921. Wannan ƙidaya tana da wani abu da waɗanda suka gabace ta ba su da shi: ta tambayi kowane ma'aikaci sunan wanda yake yi wa aiki da adireshin wurin. Matar ba ta nemi sunan kakanta kaɗai ba wannan karon, ta haɗa da sunan gidan dakon. Mutum ɗaya ya fito. Yaro ɗan shekara 15, a gidan mahaifiyarsa bazawara, sana'arsa yaron amalanke, wurin aikinsa farfajiyar nan.

Ke nan tun yana ƙarami ya shiga gidan, yana riƙe linzami da share barga. Da doki ya ba mota wuri ya koma sitiyari, daga baya ya auri 'yar mai gida. Da sunan mahaifiyarsa ta sayi takardar haihuwarsa ta gaskiya, ta sami cikakkiyar ranar haihuwa. Da wannan rana ta koma rajistar 1939, wadda ke rubuta rana da wata da shekara. Ga shi nan a wani masauki a bakin hanyar A6 kusa da Penrith, shi da wasu maza biyar, dukansu direbobi. An karanta rubutun sunan danginsa ba daidai ba wajen kwafa shi a kwamfuta, shi ya sa binciken 2019 bai taɓa kawo shi ba.

Afrilu zuwa Nuwamba 2022: ƙwace motoci da ƙarshen hanya

Saura maganar gwamnati. Ita ma tana da tushe. Dokar sufuri ta 1947, ta gwamnatin Clement Attlee, ta mayar da jigilar dogon zango hannun hukuma. Daga 1948 aka shiga karɓar kamfanoni ana biyan diyya, ana haɗe su ƙarƙashin hukumar jigila ta gwamnati, British Road Services. Kafin ƙarshen 1951 an karɓi sama da kamfanoni 3,700 da motoci kimanin 40,000. Waɗanda aka bari aka taƙaita su cikin mil 25 daga mazauninsu sai da izini. A 1953 sabuwar gwamnati ta yi dokar sayar da motocin, amma ba kowa ne ya dawo sana'ar ba. A jaridar gwamnati ta London Gazette matar ta ga sanarwar raba haɗin gwiwar yayyen kakarta a 1950. Mahaifinsu ya riga ya rasu. Farfajiyar kuma ba ta sake fitowa a kundin 'yan kasuwa ba.

Shi kakan fa? Ta tace jerin mutuwa na Ingila da Wales shekara-shekara daga 1951, babu wanda ya yi daidai da ranar haihuwarsa da yankinsa. A nan maganar tsohon nan ta faɗo mata, gida biyu, ɗaya a kowane ƙarshen hanya. Masu bin hanyar A6 ta Penrith ba lallai a Ingila tafiyarsu ke ƙarewa ba. Kafin a buɗe wannan ɓangare na babban titin M6 a 1970, ita ce manyan motoci ke bi su haura tsaunin Shap, mai tsayin kimanin ƙafa 1,400, inda ƙanƙara kan tare su kwana da kwanaki, su wuce Carlisle su shiga Sikotilan. Sikotilan kuwa rajistarta ta haihuwa da mutuwa daban take, ba ta cikin jerin Ingila.

Ta shiga shafin ScotlandsPeople, inda ake ganin hoton takardar mutuwar da ta wuce shekara 50. Takardar Sikotilan ta fi ta Ingila bayani, domin tana kawo sunan uba da na uwa har da sunanta na gidansu, da sunan mata ko miji. A 1966, a Gilasgo, ga direban babbar mota ɗan shekara 60. Sunan iyayen ya dace. A gurbin aure an rubuta sunan kakarta. Wadda ta kai rahoton mutuwar mai masaukin da yake haya ce, kuma rajistar masu zaɓe ta nuna shi a wannan adireshi tun farkon shekarun 1950. Babu wata mata ta biyu a takardar, babu wasu 'ya'ya.

Mataki na ƙarshe ta ɓangaren masu motocin ya zo. Ta bi zuriyar babban yayan kakarta ta sami jikarsa, ta rubuta mata wasiƙa. Bayan mako uku aka amsa, aka ce ta zo. A gidan akwai littafin albashi na kamfanin, bangonsa ya yi baƙi da man inji. Sunan kakanta na nan mako bayan mako, a layin farko na direbobi, har zuwa 1949. Jikar ta faɗa mata abin da ta ji daga mahaifinta: da diyya ta fito maza biyun suka raba, ƙanwarsu ba ta sami komai ba, shi kuma mijinta, wanda ya ba gidan kusan shekara 28, ya sa rai da wani kaso bai gani ba. Aka yi cacar baki, matarsa ta tsaya tsakanin miji da 'yan uwa, gida ya ƙi daɗi. Matar ta rubuta wannan a kundinta, ta sa a gefensa cewa labarin baki ne daga ɓangare ɗaya, ba takarda ba.

Hukunci a kan lamarin

Tambaya ta farko da ta uku sun sami amsa da hujja. Ta biyu ta fito rabi gaskiya: an karɓi motoci, amma na surukai ne, shi albashi yake ɗauka. Labarin gida bai yi ƙarya ba, ya dai ɗora motocin a kan wanda ya fi daɗewa a cikinsu.

A ganina kuskuren farko ba na rashin ƙoƙari ba ne, na tsari ne. Ta yarda da suna da shekarar haihuwa a matsayin hujja, alhali ga mai suna gama-gari waɗannan biyun ba sa raba mutum da takwaransa. Da ta sayi takardar auren kakanninta tun a makon farko, da ta ga sunan mahaifin ango da sana'ar mahaifin amarya a shafi ɗaya, da wata takwas ba su salwanta ba. Yunƙuri na biyu ya faɗi ne don ta tambayi ofisoshin yau abin da ofisoshin jiya suka riƙe, kuma da sunan da ba shi ne a ƙofar motar ba.

Abin da ya yi aiki ya yi ne saboda yadda sana'ar take. Hukuma ta sa ido a kan mota da mai ita, ta yi musu lamba, ta ba su lasisi a gaban jama'a, ta biya su diyya, ta buga rushewarsu. Direban bai shiga takarda ba sai a gefen waɗannan: a bakin kotu, a gurbin wurin aiki, a littafin albashi. Kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne mabuɗai biyu mafi girma, karanta lamba da maganar gida biyu, ba daga ma'ajiya suka fito ba. Daga bakin tsohon direba suka fito, mutumin da ya san yadda aikin ke juya rayuwar mai yin sa, kuma irinsa kullum raguwa suke. Akwai kuma rabo a ciki, domin littattafan rajistar wasu gundumomi an lalata su, da lambar ta faɗa cikinsu da hanyar ta yi tsawo.

A bazarar 2023 matar da jikar nan suka kai littafin albashin ma'ajiyar gundumar aka yi masa lamba, da sunayen direbobi goma sha ɗaya da suka ratsa gidan. Ta haɗa da kwafin hoton, a bayansa ta rubuta cikakkiyar lambar motar, har da harafin da laka ta rufe.